Yadda ake gane kalmar *ebb* ta Turanci da yadda ake aiki da ita

Kalmar *ebb* harafi uku ce kacal, amma tana yawan kayar da masu fassara da ɗaliban Turanci. A bakin teku aka haife ta, wurin mutanen da ruwa ke ciko musu ya janye sau biyu kullum, kuma duk sauran ma'anoninta daga wannan motsin ruwan suka tsiro. Wanda ya haddace "raguwa" kawai daga ƙamus zai riƙa cusa ta inda ba ta shiga, in kuma ya zo fassara ya ɗauko kalmar da ta fi ta nauyi ko wadda ba ta kai ta ba. Don haka a fara da abin da teku ke yi, kafin a koma kan jimla.

Abin da teku ke yi

Ruwan teku ba ya zama a matsayi ɗaya. Ƙarfin jan wata, tare da na rana wanda tasirinsa bai kai rabin na watan ba, su ke sa ruwan ya hau gaɓa ya kuma sauka. A yawancin gaɓoɓin duniya ana samun cika biyu da janyewa biyu cikin awa 24 da minti 50. Ke nan tsakanin cika ɗaya da mai bi mata akwai kamar awa 12 da minti 25. Rabin wannan lokaci ruwa na hawa, ɗaya rabin yana komawa. Wannan rabin na komawa, wanda kan ɗauki kimanin awa 6 da minti 12, shi ake kira *ebb*.

Turanci ya raba zagayen gida huɗu, kuma dole ka riƙe su daban-daban. Lokacin da ruwa ya kai iyakar cikarsa, *high tide* ko *high water* ke nan. Daga nan ya fara janyewa, wato *ebb* ko *ebb tide*. In ya kai iyakar saukarsa, an shiga *low tide* ko *low water*. Sai ya juyo yana cikowa, wannan kuma *flood* ko *flood tide*. Biyu daga ciki matsayi ne, biyu kuma tafiya ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar *ebb tide* daidai da *low tide*. Ba haka ba ne. Minti goma bayan ruwa ya cika ya batse, an riga an shiga *ebb*, alhali gaɓa na nan a shafe da ruwa. Ita kalmar tana gaya maka ina ruwa ya dosa ne, ba inda yake ba.

Ka lura da *flood* a nan. Mai fassarar da ya ga "the flood tide" ya rubuta ambaliya ya ɓata zancen gaba ɗaya, domin babu wani bala'i a ciki, cikowar da teku ke yi kullum ce. Haka ma *spring tide* ba ta da alaƙa da wani yanayi na shekara. Ita ce babbar cika da babbar janyewa da ake samu kusan duk mako biyu, a tsayuwar wata da kuma lokacin da ya cika, saboda jan rana da na wata sun hau layi ɗaya. Tsakaninsu, lokacin da wata yake rabi, sai a sami *neap tide*, inda hawan da saukar duk ba su da yawa.

Janyewar ba ta tafiya da gudu ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kuma wannan ne ya ba kalmar ɗanɗanonta. Matuƙan jiragen ruwa suna da lissafin da suke yi da ka, na kashi goma sha biyu. A raba tazarar da ke tsakanin cika da sauka gida 12. A awa ta farko ruwa zai sauka kashi 1, a ta biyu kashi 2, a ta uku kashi 3, a ta huɗu kashi 3, a ta biyar kashi 2, a ta shida kashi 1. Wato yana farawa a hankali har ido ba ya ganewa, ya yi ƙarfi a tsakiya, sannan ya sake lafawa.

Ga yadda lissafin ke aiki. A ce tazarar a wata gaɓa mita 6 ce, ruwa kuma ya cika da ƙarfe 9 na safe. Kowane kashi rabin mita ne. Zuwa ƙarfe 10 ruwa ya sauka rabin mita, zuwa 11 ya sauka mita ɗaya da rabi, zuwa 12 ya sauka mita 3. Jirgin da cikinsa ke nutsewa mita ɗaya da rabi, in ya jefa anka a wurin da zurfinsa mita 4 ne a lokacin cika, da ƙarfe 11 yana da sauran mita 2 da rabi, komai lafiya lau. Wajen ƙarfe 11 da minti 40 kuwa cikinsa zai taɓa ƙasa. Abin da ke ruɗin baƙon wuri shi ne awa ta farko: ya duba ya ga ruwa bai motsa ba, sai ya saki jiki. Lissafin kimantawa ne kawai, yana aiki ne inda ake samun cika biyu masu kama da juna a rana, don haka ba ya maye gurbin jadawalin da hukumomin tashoshin jiragen ruwa ke bugawa.

Girman abin ya danganta da wuri. A mashigin Fundy na Kanada tazarar kan kai mita 16, a bakin kogin Severn na Birtaniya ta kan kai mita 14, amma a yawancin gaɓoɓin Bahar Rum ba ta kai rabin mita ba. Wasu sassa na mashigin tekun Mekziko cika ɗaya da janyewa ɗaya suke gani a rana. A bakin manyan koguna kuwa janyewa ta kan fi cikowa daɗewa, domin ruwan kogin da ke gangarowa yana ƙara mata ƙarfi yana kuma tare mai shigowa.

Masana teku suna ƙara tsaurara ma'anar. A wurinsu saukar ruwa daga sama zuwa ƙasa abu ne daban, gudunsa daga gaɓa zuwa cikin teku kuma abu ne daban, kuma wannan gudun ne suke kira *ebb current*. Ɗan lokacin da gudun ya tsaya kafin ya juya shi ne *slack water*, kuma ba lallai ya faɗo daidai da iyakar cika ko iyakar sauka ba. Daga nan za ka gane jimla irin "The ship left on the ebb". Ba cewa aka yi jirgin ya tashi ruwa ya ƙafe ba. Ya tashi ne a lokacin da ruwa ke fita, don gudun ya taimaka masa ya bar tasha, abin da jiragen da ke tafiya da iska suka dogara da shi ƙwarai. Wannan gudu yana da haɗarinsa. Inda kogi ya haɗu da teku, in ruwa na fita da ƙarfi ya yi karo da igiyoyin da ke shigowa ko iskar da ke busowa daga teku, igiyoyin kan miƙe su yi tsayi su matso kusa da juna, kuma nan ne ƙananan jirage ke kifewa.

Akwai janyewa ɗaya da bai kamata a kira ta da wannan suna ba. Kafin igiyar tsunami ta iso, wani lokaci teku kan ja baya da sauri cikin 'yan mintuna ya bar ƙasa a fili, kamar yadda aka gani a wasu gaɓoɓin tekun Indiya ranar 26 ga Disamba, 2004. Wannan ba ya bin jadawali, ba kuma wata ke jawo shi ba. Turanci kan ce *drawback* ko a yi amfani da *recede*. Duk wanda ya ga irinsa, tudu ya kamata ya nufa nan take.

Furuci da rubutu

Kalmar gaɓa ɗaya ce a furuci: "eb", da gajeren wasali, a rufe leɓe a kan b ba tare da an ƙara wani wasali a baya ba. Baƙin b ne na yau da kullum, ba ɓ ba. Harshenmu ya saba jan baƙi in an ninka shi, kamar a babba da dabba, amma Turanci ba ya yin haka, saboda haka *ebbing* da b ɗaya ake furta ta. *Ebbed* ma gaɓa ɗaya ce, "ebd", ba "ebed" ba, *ebbs* kuma "ebz". Tun da da wasali ta fara, *an ebb* ake cewa.

A rubuce kuwa b biyu ne a kowane siga. Turanci ba ya son kalma mai cikakkiyar ma'ana ta gaza harafi uku, shi ya sa ake ninka baƙin ƙarshe a *add*, *egg*, *odd* da *inn*. Kalmar tsohuwa ce, tana nan tun a tsohon Turanci a sigar *ebba*, kuma 'yan'uwanta na raye a Jamusanci, *Ebbe*, da harshen Holan, *eb*. Tushenta yana da dangantaka da *off*, mai nuna rabuwa da nisanta.

Ma'anar raguwa

In aka ɗauke kalmar daga teku aka ɗora ta a kan wani abu, tana tafiya da halayen ruwan. Kafin ka sa ta a jimla, ka tambayi kanka abu uku. Shin abin ya taɓa cika, ko ya taɓa yin ƙarfi? Shin a hankali yake raguwa? Shin da kansa yake tafiya, ba wani ne ya zo ya yanke shi ba? In amsar duka e ce, kalmar ta zauna. In ɗaya ta zama a'a, nemi wata.

Abubuwan da suka fi karɓar ta su ne waɗanda ba a ƙirga su ɗaya-ɗaya, waɗanda ake ji kamar suna kwarara: ƙarfin jiki, ƙwarin gwiwa, fata, fushi, tsoro, zafin ciwo, goyon baya, farin jini, iko, hasken yamma, rai kansa. "Her anger ebbed" na nufin fushinta ya yi ta hucewa har ya kwanta. "Support for the plan is ebbing" na nufin masu goyon bayan shirin na janye jiki sannu a hankali. Amma ba a cewa ɗalibai uku sun yi *ebb*, ko kujerun ɗaki. Ana iya faɗinta a kan taron jama'a, domin taro kan motsa kamar ruwa, yana watsewa kaɗan-kaɗan.

Abin da ya faɗi farat ɗaya ba nata ba ne. Kamfanin da ya durƙushe cikin dare ɗaya, ko darajar kuɗin da ta rikito cikin awa guda, *collapse* ko *plunge* ko *crash* ake ba su. Mai rubutun da ya sa *ebb* a irin wannan wuri ya sassauta labarin ba tare da ya sani ba.

Ta fuskar nahawu, aikatau ne ƙi-karɓau, kuma a nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ba ya ɗaukar abin da aka yi wa aiki. "The medicine ebbed the pain" kuskure ne. Ko dai ka ce "The medicine eased the pain", maganin ya sauƙaƙa ciwon, ko ka bar ciwon ya zama mai aikin: "The pain ebbed after she took the medicine". Saboda wannan dalilin ne kuma ba a cewa "was ebbed". Hausa ma tana da irin wannan rabon, tsakanin ragewa da raguwa, ko janye abu da abin ya janye da kansa. Ita wannan kalma kullum a ɓangare na biyu take.

Ƙananan kalmomin da ke bin ta kaɗan ne. *From* na nuna inda abin ya fita: "The colour ebbed from his face", wato fuskarsa ta yi fari fat, jini ya bar ta. *To* na nuna inda ya tsaya, kuma 'yan jaridar tattalin arziki na son wannan ƙwarai.

A nan akwai tarkon da ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana shiga labarai yana ɓatar da masu sauraro. In aka ce "Inflation ebbed to 3 per cent", ba a ce farashin kaya ya sauka ba. A Amurka hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a watan Yunin 2022, ta dawo kashi 3 a Yunin 2023. Kaya sun ci gaba da tsada a tsakanin, sai dai saurin tashin ne ya ragu. Fassarar da ta dace ita ce hauhawar farashi ta lafa, ko ta sassauta. Wanda ya rubuta "farashi ya sauka" ya faɗi abin da bai faru ba. Duk lokacin da ka ci karo da kalmar, ka fara gano mene ne ainihin abin da ke raguwa: shi kansa abin, ko saurinsa.

Maganganun da suka daskare

Huɗu ne za ka fi haɗuwa da su, kuma ba a taɓa tsarinsu.

*Ebb away* ta fi kalmar ita kaɗai nauyi. Teku in ya janye zai dawo, amma *away* kan rufe wannan ƙofar. "His strength ebbed away" na nufin ƙarfinsa ya yi ta zurarewa har ya ƙare. "Her life was ebbing away" magana ce ta tausasawa a kan mai jinyar da ajali ya kusanto, kuma a Hausa ma da taushin ya kamata a kawo ta: rai na ta sulalewa, jiki na ta yin nisa. Kada a fassara ta da "ta mutu", domin jimlar tana tsakiyar tafiya ne, ba ta kai ƙarshe ba.

*At a low ebb* ita ce wurin da kalmar ta sauya hali. A nan suna ce, kuma matsayi take nunawa, ba tafiya ba: halin da abu ya sami kansa bayan ya yi ƙasa sosai. "Morale was at a low ebb" na nufin gwiwar mutane ta yi sanyi. "Relations between the two countries are at their lowest ebb" na nufin dangantakar ƙasashen biyu ba ta taɓa yin tsami kamar yanzu ba. Ana faɗinta a kan mutum ma: "He was at a low ebb", yana cikin karayar zuciya ko raunin jiki. Kishiyarta ba *at a high ebb* ba ce, wannan ba ta da ma'ana a kunnen mai harshen, tun da janyewa ba ta yin sama. Ka ce *at its peak* ko *at its height*. Ka kuma kula da *a* da *its*: ana cewa *at a low ebb*, amma *at its lowest ebb* ko *at their lowest ebb*. A ganinmu wannan magana na ɗauke da ɗan zaton cewa abin zai iya farfaɗowa, don haka kalmomi irin su rugujewa ko wargajewa sun yi mata yawa.

*Ebb and flow* ba raguwa take nufi ba sam. Kai-komo ne, hawa da sauka da ke maimaituwa. Tana zuwa a matsayin suna, "the ebb and flow of trade", yadda ciniki ke buɗewa ya kuma tsuke, tana kuma zuwa a matsayin aikatau, "The fighting ebbed and flowed for months", faɗan ya yi ta zafi yana lafawa tsawon watanni. In aikatau ce, kalmomin biyu duka ke sauyawa: *ebbs and flows*, *ebbed and flowed*, *ebbing and flowing*. Sauya ɗaya a bar ɗaya kuskure ne, kuma ba a saba juya jerin a ce *flow and ebb* ba. Mai sharhin wasan ƙwallo in ya ce "the ebb and flow of the game", yana nufin yadda rinjaye ke komawa wannan gefe ya dawo wancan. Faɗi-tashi ba ta cika dacewa da ita ba, domin faɗi-tashi na ɗauke da wahala da fafutuka, ita kuwa wannan ba ruwanta da daɗi ko wuya, tsarin motsin kawai take nunawa.

*On the ebb*, wadda muka gani a bakin matuƙa, tana fita daga teku ita ma. "His influence is on the ebb" na nufin tasirinsa ya kama hanyar raguwa, tauraronsa ya fara dusashewa, amma bai ɓace ba tukuna.

Maƙwabtanta

Turanci na da tarin kalmomin raguwa, kowacce da hoton da ke bayanta, kuma sanin hoton ya fi haddace jerin ma'anoni amfani. Hoton *wane* shi ne watan sama, yadda yake ƙanƙancewa bayan ya cika, don haka ta fi zama a kan farin jini, iko da sha'awa, kuma abokiyar tafiyarta *wax* ce. Ita ce ta fi kusa da *ebb*, sau da yawa ana musanya su ba a yi asarar komai ba, amma ba a cewa teku ya yi *wane*, ba a kuma cewa wata ya yi *ebb*. *Subside* ta abin da ya kumbura ko ya tashi ne sannan ya kwanta: kumburi, guguwa, hayaniya, ruwan ambaliya, har da ƙasar da ta lotsa a ƙarƙashin gini. *Recede* nisa take nunawa, abu na ja baya daga inda kake, shi ya sa ake faɗinta a kan gashin goshi mai komawa baya, inda *ebb* ba ta shiga ko kusa. *Dwindle* ta adadi ce da kayan ajiya, abin da ake iya ƙirgawa yana ƙarewa kaɗan-kaɗan. *Abate* ta fi zama a rubutun hukuma da na shari'a, kuma tana iya ɗaukar karɓau. *Decline* ita ce fili, ba hoto, ta dace da rahoto da ƙididdiga.

Wannan ya kawo batun muhallin da ake amfani da ita. *Ebb* kalma ce mai ɗan ado. Ta saba da jarida, adabi da jawabi, ba ta cika fitowa a hirar yau da kullum ba, inda mutum zai ce *go down* ko *wear off*. A rahoton kimiyya ko na kuɗi da ake son adadi tsantsa, *fall* ko *decline* sun fi ta.

Zaɓen kalmar Hausa

Babu kalma ɗaya da za ta ɗauke ta ko'ina, kuma neman hakan ne ke haifar da fassara mai sanƙarewa. Ka dubi abin da ke raguwa, ka ba shi aikatau ɗin da Hausa ta saba ba shi. Ruwan teku janyewa yake yi, kuma ka guji ƙafewa, domin abin da ya ƙafe ya tafi ke nan sai wani ruwan ya zo, wannan kuwa bayan awa shida yana hanyar dawowa. Ciwo, rikici da iska lafawa suke yi. Zazzaɓi sauka yake. Fushi hucewa. Haske, suna da farin jini dusashewa. Ƙarfin jiki raguwa ko zurarewa. Ciniki da tasiri ja baya. In kana so ka riƙe ma'anar sannu-sannu da ke cikin kalmar, Hausa na da kayan aikinta: "ya yi ta raguwa", "na ta ja baya", "kaɗan-kaɗan", "sannu a hankali". Sau da yawa wannan "ta" ɗin ita ce ainihin fassarar, fiye da aikatau ɗin da ke bayanta.

Ɗauki wannan jimla: "As the afternoon wore on, the team's confidence ebbed away." Fassarar ƙamus za ta ce amincewar ƙungiyar ta ragu, wadda ba ta da rai, ba kuma haka ake magana ba. Abin da ke faruwa shi ne 'yan wasa sun shigo da ƙarfinsu, lokaci na tafiya suna karaya. Sai ka ce: "Yamma na yi, gwiwar 'yan wasan na ƙara sanyi, har suka sare gaba ɗaya." An sami cikar farko, an sami tafiyar hankali, "har suka sare" kuma ta ɗauki nauyin *away*.

Inda masu sana'a suka ba ta ma'ana ta musamman

A likitanci akwai *ebb phase*, kuma wanda ya fassara ta da hasashe zai juya ma'anar. A 1942 David Cuthbertson, masani ɗan Scotland, ya raba yadda jiki ke amsa mummunan rauni gida biyu. Matakin farko, *ebb phase*, yana farawa nan take bayan raunin, ya ɗauki awanni zuwa kwana ɗaya ko biyu: zafin jiki ya sauka, jinin da zuciya ke harbawa ya ragu, jiki ya rage iskar oksijin da yake amfani da ita. Sai *flow phase* ta biyo, inda jiki ke ƙona makamashi da yawa yana cin tsokarsa. Abin da ya janye a matakin farko aikin jiki ne, ba ciwon ba. Wannan ne lokacin da majinyaci ke bukatar a tsayar da zubar jini a kuma mayar masa da ruwa, don haka rubuta "lokacin da ciwo ya fara sauƙi" kuskure ne mai haɗari.

A fannin lantarki, *ebb generation* hanya ce ta samar da wuta daga teku. Ana gina madatsa a bakin kogi, a buɗe ƙofofi ruwa ya shiga lokacin cikowa, a rufe su in ya cika. Sai a jira tekun da ke waje ya sauka har a sami tazara mai kyau tsakanin ciki da waje, sannan a saki ruwan ta cikin injinan da ke juyawa. Tashar La Rance ta Faransa, wadda aka buɗe a 1966 da ƙarfin megawat 240, ita ce sanannen misalin irin wannan madatsa, kuma injinanta na iya aiki ko ruwa na shiga ko yana fita. Matsalar tsarin ita ce lokacin samun wuta na bin wata ne, yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum, ba ya bin lokacin da mutane suka fi bukata.

Masu noma ba tare da ƙasa ba kuma suna da tsarin da suke kira *ebb and flow*. Tire ne mai ɗauke da tukwanen shuka a sama, tankin ruwa mai haɗe da taki a ƙasa, da famfo mai agogo. Famfon kan tashi sau kaɗan a rana, sau da yawa na kimanin minti 15, ya cika tiren har zuwa bakin wani bututun da ke hana ruwa wuce iyaka. In ya mutu, ruwan ya gangara ya koma tanki da kansa, kuma wannan komawar ce ke jawo sabuwar iska zuwa saiwoyi. In magudanar ta toshe ruwa ya kwanta, saiwoyi su ruɓe. In wuta ta ɗauke famfo bai tashi ba, su bushe cikin 'yan awanni, musamman in tsakuwar yumɓu aka zuba a tukwanen, wadda ba ta riƙe danshi.